Ina za mu kwana kafin mu hau jirgin ruwa, ba tare da aljihu ya yi kuka ba?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni da maigidana da mahaifiyarsa mun biya kuɗin yawon shaƙatawa na kwana bakwai a jirgin ruwa, a tekun Bahar Rum. Takardarmu ta ce daga Roma jirgin zai tashi, ranar Lahadi da yamma, mu kuma muna son mu sauka ranar Asabar mu kwana ɗaya a otal. Kuɗin tafiyar ya riga ya cinye mu, saboda haka mai araha muke nema, amma ina tsoron mu faɗa wurin da za mu yi da-na-sani, ga tsohuwa ƙafa tana damunta. Yaya ake zaɓa?

Amsa: Barka kadai, Hajiya. Kafin mu kai ga zancen otal, ɗauko takardar nan ki sake duba abin da aka rubuta kusa da sunan Roma. Za ki ga wata doguwar kalma, Civitavecchia, ana furta ta kamar Cibitabekiya. To, can jirginku yake. Gari ne mai zaman kansa a bakin teku, kimanin kilomita 80 arewa maso yamma da tsakiyar Roma, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a jirgin ƙasa. Na fara da wannan ne domin a shekarun da na yi ina tsara wa mutane irin wannan tafiya, ban ga abin da yake cin kuɗin matafiya a banza ba kamar kama ɗaki a garin da aka rubuta da manyan baƙaƙe, alhali jirgin yana garin da aka rubuta da ƙanana.

Kuma ba Roma kaɗai ake yi wa haka ba. Jirgin da aka ce na Landan ne, galibi a Southampton yake, wajen kilomita 130 daga birnin. Wanda aka jingina wa Orlando a Amurka yana Port Canaveral, kusan kilomita 70 daga filin jirgin sama. Na Benis ya fi kowanne rikitarwa, domin tun 1 ga Agusta 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jiragen ruwa ratsa tsakiyar birnin, har wasu kamfanoni suka koma tashi daga Ravenna ko Trieste, kowanne tafiyar awa biyu ko fiye, amma sunan Benis bai bar takardun talla ba. Akwai kuma garuruwan da Allah Ya hutar da matafiyansu: a Fort Lauderdale ta Amurka tsakanin filin jirgin sama da tashar ruwa 'yan kilomitoci ne kawai, a Bankuba ta Kanada kuwa tashar tana tsakiyar gari, jirgin ƙasa na ɗauko mutum daga filin jirgi ya sauke shi dab da ita cikin ƙasa da rabin awa. Kowace tasha da halinta, kuma halin tashar ne ke yanke inda araha take.

Shawarar da kuka yanke ta isa tun Asabar daidai ce, kada kowa ya sa ku canza ta don rage kuɗin dare ɗaya. Jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara. Yawancin kamfanoni suna rufe karɓar fasinja awa ɗaya ko awa ɗaya da rabi kafin tashi, wanda ya zo bayan nan sai dai ya bi jirgin zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa, in ma dokar ƙasar da kamfanin sun yarda. Ranar 19 ga Yuli 2024, kuskure guda a wata manhajar tsaron kwamfuta ya sa aka soke dubban tafiye-tafiyen jiragen sama a duniya, a tsakiyar lokacin hutu. Ko ba a kai ga irin wannan ba, akwati kan ƙi biyo mai shi, kuma sau da yawa a jirgi na gaba yake zuwa. Wanda ke da dare guda a hannu yana iya karɓar kayansa. Wanda ya wuce teku kai tsaye zai yi kwanaki da tufafin jikinsa.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe. Farashin da kike gani a waya ba shi ne kuɗin daren nan ba. Kuɗin daren shi ne na ɗaki, da harajin da ba a nuna ba, da na motar da za ta kai ku daga filin jirgi zuwa otal, da na wadda za ta ɗauke ku daga otal zuwa bakin jirgi, ku uku da akwatunanku, da abin da za ku ci dare da safe. Sai kin tara waɗannan a kan takarda ga kowane otal kafin ki san wanne ne mai araha. A ce, don misali kawai, kin sami ɗaki na Yuro 90 a wata unguwa a gefen Roma wadda ba ta kusa da layin dogo, ga kuma wani na Yuro 135 a Civitavecchia. Na farkon ya fi sauƙi da Yuro 45 a ido. Amma za ki biya tasi daga filin jirgi zuwa unguwar, gobe da safe ki sake biyan wata zuwa tashar jirgin ƙasa, ko kuma gajiyar tsohuwa ta sa ku ɗauki mota har bakin teku, abin da ya haura Yuro 100. An je neman ƙiba ke nan an samo rama.

Wurare uku ne a gabanku. Na ɗaya kusa da Fiumicino, babban filin jirgin saman Roma. Wannan na wanda ya sauka da tsakar dare ne, ba ya son komai sai gado. Ba lallai ya fi araha ba, kuma washegari tafiyar kilomita 60 ko fiye tana jiran ku. Idan saukar dare za ku yi, ki tabbatar ko otal ɗin na da motar ɗaukar baƙi, ki kuma tambayi ƙarfe nawa take daina zirga-zirga da nawa ake biya, don ba kowace ce kyauta ba.

Na biyu cikin Roma. Wanda bai taɓa ganin birnin ba zai so ya yi ko da yammaci ɗaya a cikinsa, kuma ban ga laifinsa ba. Amma in za a yi haka, a kan layin dogo ake zaɓar otal, ba a kan kusanci da wuraren tarihi ba. Jirgin ƙasan da ke zuwa Civitavecchia yana tashi daga babbar tashar Termini, ya tsaya a Ostiense, da Trastevere, da San Pietro, kuma tikitinsa bai kai Yuro 10 ba ga mutum ɗaya. Mutane na rububin otal-otal ɗin kusa da Termini saboda suna da yawa kuma akwai masu sauƙi, ga jirgin Leonardo Express da ke kawo mutum daga Fiumicino cikin minti 32. Abin da ba a faɗa musu shi ne, jiragen Civitavecchia na yau da kullum a can ƙuryar tashar suke tsayawa, tafiyar minti goma ce mai kyau a ƙasa ga mai jan akwati. Ga mai ciwon ƙafa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa na fi son gefen Ostiense ko Trastevere: ƙaramin jirgin ƙasa daga filin jirgin sama yana tsayawa a duka biyun, na bakin teku ma haka, ka kwana a mahaɗar layukan biyu ke nan.

Na uku shi ne Civitavecchia kanta, kuma in ni ne a matsayinku, da tsohuwa a tare, nan zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Dalilina ɗaya: an gama doguwar tafiya tun Asabar, ranar da in wani abu ya lalace akwai lokacin gyara. Yajin aikin ma'aikatan sufuri ba baƙon abu ba ne a Italiya, ko da yake ana sanar da ranarsa tun da wuri, jiragen ƙasa kuma sukan ragu ranar Lahadi. Wanda ya farka yana hango jirginsa daga bakin titi, duk wannan bai shafe shi ba. Garin ƙarami ne, otal-otal ɗinsa ba su da yawa, akasarinsu ƙanana ne da gidajen baƙi, saboda haka suna cika da wuri a daren da jirage da dama ke tashi washegari. Kada ki bari sai saura mako biyu. Ki kuma sani cewa «kusa da tashar jiragen ruwa» a can ba ya nufin za ku taka har jikin jirgi. Tashar doguwa ce ƙwarai, ana taruwa ne a wani fili da ake kira Largo della Pace, daga nan motocin tasha su kwashi fasinjoji zuwa inda kowane jirgi ya tsaya. Wannan filin za ki sa a taswirar wayarki ki auna nisan otal da shi, da ma'aunin tafiyar ƙafa, ba na mota ba. Daga Fiumicino zuwa garin akwai motocin haɗaka da ake biya a kan kowane mutum. Da yake ku uku ne, ki gwada jimillarsu da kuɗin ɗaukar mota guda, wani lokaci tazarar ba ta taka kara ta karya ba.

Sai shi ɗakin. Dare ɗaya za ku yi, saboda haka duk abin da ba za ku taɓa ba kada ku biya kuɗinsa: wurin ninƙaya, ɗakin motsa jiki, taga mai kallon teku. Kwana bakwai za ku yi kuna kallon teku har ya ishe ku. Abin da kuke saye barci ne, da banɗaki mai tsabta, da hanyar shigar da kaya da fitar da su ba tare da wahala ba. A nan ne lifta ta zama babbar magana. Gidajen baƙi masu araha a Italiya da yawansu hawa ɗaya ne a cikin tsohon gini, wani ba lifta sam, wani liftar ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu da jaka. Kuma a Turai ba a lissafa hawan ƙasa, wanda suka kira hawa na biyu sai an hau matakala biyu cur. Ni kaina na taɓa cin wannan kuskure a farkon aikina, na kama wa wasu dattawa ɗaki mai kyau a hoto, mai sauƙin kuɗi, ban tambayi komai ba. Sai da maigidan ya yi sawu huɗu a matakala da akwatuna. Tun ranar ban ƙara kama wa kowa ɗaki ba sai na rubuta na tambaya. Ke ma rubuta musu a taƙaice: akwai lifta, kuma tana farawa daga bakin titi ko sai an hau 'yan matakai kafin a kai gare ta? Wurin wanka na tsaye ne ko baho ne da sai an ɗaga ƙafa a shiga? Akwai na'urar sanyaya ɗaki, in lokacin zafi ne, kuma tana cikin kuɗin? Akwai mai karɓar baƙi dare da rana, ko sai an faɗi lokacin isowa? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, don ƙananan wurare da yawa suna rufe teburinsu da yamma, wasu har sukan caji ƙarin kuɗi ga wanda ya iso da dare. Saurin amsarsu da yadda suka amsa ma wani ma'auni ne. Wanda ya kwana uku bai kula saƙonki ba kina da kuɗi a hannu, ba zai kula ki ba in kin maƙale a bakin ƙofa.

Batun ku uku kuma. Ɗakin mutum uku ya fi ɗaki biyu sauƙi, amma gado na uku sau da yawa na naɗewa ne ko kujera ce ake buɗewa, ɗakunan kuma matsattsu ne, in aka ajiye manyan akwatuna uku sai a rasa wurin taka ƙafa. Da suruka a tafiya na san ɗaki biyu za ku fi so. To ki duba ɗaki na mutum biyu da ƙaramin ɗaki na mutum ɗaya, wanda otal-otal ɗin Turai ke da shi da yawa, ko kuma ƙaramin gida mai ɗakin kwana biyu. Sai dai gidan haya na dare ɗaya yakan zo da kuɗin shara da gyara wanda ake biya sau ɗaya ko kwana nawa za a yi, a kan dare guda kuwa yana iya cinye duk rangwamen. Ki sa adadin mutanen daidai tun wajen nema, don a Italiya doka ce a karɓi fasfon kowane baƙo a yi masa rajista, ba a shigar da mutum na uku a ɓoye.

Kada taurari su ruɗe ki. Tauraro yana ƙidaya abubuwan da otal ke da su ne, kamar lifta da girman ɗaki da awannin da ake samun ma'aikaci, ba ya faɗin ko zanin gado wankakke ne ko bango na toshe hayaniya. Akwai mai tauraro biyu da ya fi mai huɗu kyawun kwana. Sharhin waɗanda suka kwana ya fi amfani, amma da sharaɗin a iya karanta shi. Ki tsallake makin da aka tara na shekaru, ki jera sharhin daga na baya-bayan nan, ki karanta na watanni shida da suka wuce. Ƙorafin mutum ɗaya ba hujja ba ne, akwai wanda ko a fada aka sauke shi sai ya sami abin cewa. Idan mutum biyar da ba su san juna ba suka ambaci kuɗin cizo, ko warin danshin bango, ko kiɗan mashaya a ƙasan taga har asuba, to ki yarda. Hotunan da baƙi suka ɗauka da wayarsu, musamman na banɗaki, sun fi na otal ɗin gaskiya.

Akwai farashi iri biyu da za ki gani a kan ɗaki ɗaya: mai rahusa wanda in an biya an biya, da wanda ya ɗan fi tsada amma ana iya sokewa kyauta har zuwa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Ga daren da ke gaban jirgin ruwa, na biyun nake ba da shawara kusan kullum. Wannan dare a rataye yake a jikin abubuwan da ba a hannunki suke ba: biza, canjin lokacin jirgin sama, lafiyar tsohuwa, har kamfanin jirgin ruwan ma yakan sauya tasha ko ya soke tafiya. Ɗan ƙarin da kika biya shi ne kuɗin 'yancinki. Yana kuma ba ki wata dama: ki kama ɗaki tun yanzu hankali kwance, ki riƙa leƙawa lokaci-lokaci, in farashi ya sauko ko wuri mafi kyau ya buɗe, ki kama sabon sannan ki soke tsohon, ba akasin haka ba. Shafuka irin su Booking.com da Expedia suna da kyau wajen gwada farashi, amma in kin tsayar da wuri, leƙa shafin otal ɗin kansa ko ki rubuta musu. Suna biyan waɗancan shafuka kamasho mai kauri, saboda haka wasu sukan sauƙaƙa wa wanda ya zo kai tsaye, ko su haɗa masa da karin kumallo.

Harajin kwana kuma ba ya cikin farashin da kike gani a mafi yawan lokuta, a otal ake biyansa. A Roma yana kamawa daga Yuro 4 zuwa 10 ga kowane mutum a kowane dare, gwargwadon taurarin otal ɗin, to ki ninka sau uku. Wasu otal-otal sukan riƙe wani kuɗi a katin banki a matsayin jingina har sai an fita. In katin da kuɗinki ke ciki kai tsaye ne, sakinsa na iya ɗaukar kwanaki, ga shi kamfanin jirgin ruwan ma zai riƙe nasa da zarar kun shiga. Kada duka biyun su hau kan kati ɗaya mai ɗan abin da ke ciki.

Kamfanin jirgin zai iya yi muku tayin otal tare da mota. Yana da daɗi, ba ka tunanin komai, amma galibi a kan kowane mutum suke lissafi, ba a kan ɗaki ba, kuma manyan otal-otal suke zaɓa. Ga mai neman araha da wuya ya ci riba a nan. Idan kuma kika ga farashin gari gaba ɗaya ya yi tashin gwauron zabi a ranarku, wani taro ne ya faɗo a kai, kamar yadda Baselona ta Sifen ke yi lokacin babban taron wayoyin hannu a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, ko Roma a makon Ista. Maganinsa a matsa tasha ɗaya ko biyu a kan layin dogon da ke zuwa teku. Santa Marinella, alal misali, tana kan layin, 'yan mintuna kafin Civitavecchia.

Karin kumallo kada ki biya masa kuɗi mai yawa. In yana cikin farashi, madalla. In ƙari ne, ku sha wani abu mai ɗumi a kusa, domin ana buɗe wurin cin abinci a jirgi tun lokacin da aka fara shiga, kuma kun riga kun biya shi. Otal-otal kan so a bar ɗaki ƙarfe 10 ko 11 na safe, jirage kuma sukan fara karɓar mutane wajen wannan lokaci zuwa tsakar rana, saboda haka in kin yi rajistar shiga ta intanet ki zaɓi lokacin da ya bi bayan fitarku daga otal, kada ku yi zaman jira da kaya a titi. Tun daren Asabar ki roƙi mai karɓar baƙi ya tsayar muku da tasi, ki faɗa masa ku uku ne da manyan akwatuna, don ƙaramar mota ba za ta ɗauke ku ba, kuma da safen Lahadi kowa a garin mota yake nema. Ki tambaya ko direban yana da izinin shiga cikin tasha har bakin jirgi, wanda zai hutar da Mama hawa da saukar motar tasha. Takardun da ake liƙa wa akwatuna, masu lambar ɗakinku na jirgi, a otal za ki ɗaura su da safe, ba kafin hawa jirgin sama ba, kada su yage a hanya. Fasfo da takardar shiga da magungunan Mama kuwa a jakar hannu, domin akwatunan da kuka miƙa a bakin jirgi ba lallai su iso ƙofar ɗakinku ba sai yamma.